Yadda za ka haɗa maganaɗisu, ƙaramin moto da janareto da wayar tsohuwar fanka

Yawancinmu mun haddace V = IR tun aji huɗu na sakandare, mun rubuta WAEC da ita mun wuce, amma ka miƙa wa mutum batir da fitilar LED ka ce kunna min kada ta ƙone, sai ka ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne, a allo kawai ya san wutar lantarki. To ga ayyuka biyar da za ka yi a tsakar gida da kayan da rabinsu ma bola aka nufa da su, kuma ni dai shawarata ka bi su a jere, don abin da ka koya a kowane aiki da shi za ka ci gaba a na gaba.

Kayan da za ka tara

Abu na farko kuma mafi muhimmanci mita, wato multimita, irin ƙaramar nan mai araha da masu gyaran rediyo ke riƙewa ta isa, ba sai mai tsada ba. Ko me za ka rage kada ka rage ta, ita ce idonka a wannan harkar. Sai batir mai bolt 9 guda ɗaya (bolt shi ne V ɗin da kake gani a jikin batir), da babban batirin tocila irin Tiger mai bolt 1.5 kamar guda biyu, fitilun LED jajaye, resista mai ohm 470 da mai ohm 1000, ƙusa mai inci 4, allura, fil ɗin nan mai makulli da mata ke kama mayafi da shi guda biyu, salatif, reza ko samfefa, da maganaɗisu. Maganaɗisun bayan tsohuwar sifika yana yi, amma in ka samu ƙananan nan masu ƙyalli kamar azurfa da ake kira niyodimiyam sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. In kana Kano, layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari za ka samu resista da LED da mita, in a wani gari kake tambayi mai gyaran talabijin na unguwarku inda yake sayen kayansa.

Waya ita ce sai an ɗan yi bayani. Ba wayar wayarin ɗin gida mai rigar roba muke so ba, ta koyil muke so, jan ƙarfe ne da aka shafa masa wani siririn fenti mai hana wuta tsallakawa, ido ba ya ma gane akwai fenti. Je wajen masu naɗa koyil ɗin fanka da injin ban ruwa, da geji suke sayar da ita, kuma duk yadda lambar ta yi sama wayar sirancewa take. Geji 24 kaurinta ya ɗan haura rabin milimita, ita za ka saya kamar mita 6. Ta cikin fanka kuma siririya ce sosai, tana da amfani a aiki na biyar, warware ta a hankali ka naɗe a kara. Ka kankare bakinta ka duba, in cikin fari ne to alminiyam ce aka yi wa launi, za ta yi aiki amma saurin karyewa gare ta.

Kafin mu fara, magana ɗaya ba wasa: duk abin da ke nan da batirin tocila da mai bolt 9 ɗin nan ake yi. Kada ka kusanci soket, wutar NEPA bolt 230 ce kuma tana kashewa. Kada ka ce bari in gwada da batirin mota ko na babur ko batirin litiyam ɗin nan na fawa bank, waɗannan in aka haɗa musu baki da baki waya tana iya yin ja zur ta ƙona ka, na litiyam ma yana iya kamawa da wuta. In za ka ciro kaya daga tsohuwar talabijin ko sitabilaiza bar wa mai gyara ya ciro maka, akwai kafasito a ciki da ke riƙe caji ko an daɗe da zare filogi. Ƙananan maganaɗisun nan kuma a nisanta su da yara masu kai komai baki.

Na farko: kunna LED ba tare da ta mutu ba

Ka ɗauki batir a matsayin tankin ruwa da aka ɗora a sama, tsayin tankin shi ne bolt, yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu shi ne kwararar wuta da ake aunawa da amfiya, matsewar bututun kuma ita ce ohm. Dokar da Georg Ohm ɗan Jamus ya wallafa a 1827 abin da take cewa ke nan, kwarara daidai take da bolt a raba da ohm.

Jar LED tana shan kusan bolt 2, kuma ba ta son kwarara ta wuce miliamfiya 20. Batirinka 9 ne, in ka cire 2 saura 7, wannan bakwai ɗin dole wani ya ɗauke su in ba haka ba LED ta yi haske ɗaya mai kyau ta tafi lahira. Resista ce mai ɗaukewa. Raba 7 da 470 za ka samu kusan 0.015, wato miliamfiya 15, lafiya lau. Resista mai 470 zanenta rawaya, sai shunayya, sai ruwan ƙasa, mai 1000 kuma ruwan ƙasa, baƙi, ja. In launukan sun rikita ka, juya mita zuwa wajen ohm ka auna kawai.

Haɗin kuwa, daga kan + na batir zuwa ƙafa ɗaya ta resista, ɗaya ƙafar ka murɗe ta da doguwar ƙafar LED, gajeriyar ƙafar ta koma kan − na batir. In ba ta kama ba yawanci ka juya ta ne, LED hanya ɗaya take yarda wuta ta bi. Resista ita ba ruwanta da gaba ko baya.

Ta kama? To kada ka tashi, yanzu ne ma aikin ya fara. Sa mita a bolt 20 na DC, wato irin wutar batir mai bin hanya ɗaya, auna bakin batir ka rubuta, auna ƙafafun resista biyu ka rubuta, auna na LED ka rubuta. Haɗa na biyun da na ukun, za ka ga sun ba ka na farkon. Dokar Kirchhoff ke nan da ake ta zana mana da kibiyoyi, ga ta ka auna da hannunka. Sai ka auna kwarara, shi kuma wannan awon daban yake, sai ka yanke haɗin a wuri ɗaya ka sa mita a tsakani wuta ta bi ta cikinta, a kan 200m na wajen amfiya. Kada ka kuskura ka ɗora mita kai tsaye a kan batir tana wajen amfiya, fis ɗinta zai tashi nan take. Canza resista zuwa mai 1000, lissafi ya ce miliamfiya 7, duba ko mita ta yarda. Ba za su zo daidai cif ba, batirin ba lallai ya cika 9 ba kuma resista mai zanen zinare a ƙarshe an yarda ta kauce da kashi 5 cikin ɗari. Daga nan jera LED biyu a layi ɗaya da mai 470, ka yi lissafin da kanka kafin ka auna, ya kamata ka ga wajen 10 ko 11.

Na biyu: allura a kan ruwa

Wannan ba ya cin minti goma. Goga allura da maganaɗisu, daga ido zuwa tsini, hanya ɗaya ba kai da komo ba, kamar sau talatin. Yanko ɗan guntun tsohon silifa siriri ka ɗora allurar a kai, ka sa a ruwa cikin kwanon roba, ba na ƙarfe ba. Kau da maganaɗisun nesa. Za ta yi ta juyi a hankali ta tsaya tana nuna kudu da arewa, ka ture ta ta dawo, ka yi kamfas ke nan.

Yanzu kankare fentin bakunan guntun waya geji 24, ka miƙe ta a saman kwanon dab da allurar, ta bi tsawonta daidai, ka taɓa bakunan wayar biyu a batirin tocila na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Allurar za ta karkace gefe. Juya batirin, ta karkace ɗaya gefen. Wayar nan jan ƙarfe ce, maganaɗisu ba ya kama ta ko kaɗan, amma da wuta ta bi ta cikinta sai ta zama tana da ƙarfin maganaɗisu da ke zagaye ta. Abin da Hans Christian Oersted ya lura da shi ke nan a Denmark a 1820, kafin nan ana ɗaukar lantarki da maganaɗisu abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Duk sauran ayyukan nan daga wannan karkacewar suka fito.

Na uku: ƙusa ta zama maganaɗisu

Waya ɗaya a miƙe ƙarfinta kaɗan ne, allura kawai take iya turawa. In ka naɗe ta kuwa kowane zagaye yana ƙara nasa a kan na ɗan'uwansa. Bar kamar taƙi ɗaya na geji 24 a sake, ka fara naɗawa daga kan ƙusa, zagaye kusa da zagaye a matse, kana ƙirgawa har 50. Duk naɗin ya bi hanya ɗaya, in ka kai ƙarshe za ka dawo ta sama ka ci gaba da juyawa yadda kake yi, in ka sauya hannu a tsakiya rabin naɗin zai kashe ƙarfin ɗaya rabin. Ɗaure da salatif kada ya warware. Sai ka kankare fentin bakunan biyu da reza har jan ƙarfen ya yi ƙyalli ta ko'ina. Wallahi yawancin masu cewa nasu ya ƙi aiki a nan suke faɗuwa, fentin ne ba su kankare da kyau ba. Mita za ta gaya maka, sa ta a ohm 200 ka taɓa bakunan, in ta nuna lamba ƙarama ƙasa da ɗaya ko kusa da haka an dace, in ta tsaya a 1 ɗin nan na gefen hagu to hanya ba ta buɗe ba.

Zuba ƙananan ƙusoshi ko allurai a faranti, danna bakunan wayar a batirin Tiger, kai tsinin ƙusar. Ƙirga nawa ta ɗauka. Saki waya ɗaya, su zube. Kada ka riƙe fiye da daƙiƙa biyar zuwa goma don za ka ji zafi a yatsa, kuma ga dalili: waya mai kaurin rabin milimita ba ta kai ohm 0.1 a kowace mita ɗaya ba, naɗi 50 a kan ƙusa kuma bai fi mita ɗaya ba, ka ga kusan baki da baki ka haɗa batirin, abin da ke tare wutar kawai shi ne juriyar da ke cikin batirin kansa. Shi ya sa yake saurin cinye batir.

Ƙara naɗin ya kai 100 ka sake ƙirga. Zai ɗauki fiye da na farko, don ƙarfin ya dogara ne da yawan naɗi a ninka da kwarara. Amma akwai wani abu da littafin makaranta ba ya cika faɗa, duk naɗin da ka ƙara tsawon waya ka ƙara, ohm ya ƙaru, kwarara ta ragu. Da waya mai kauri ba za ka ji wannan da wuri ba, amma in da siririyar wayar fanka ce za ka kai inda ƙarin naɗi ba ya ƙara maka komai sai dai batirin ya fi daɗewa kuma zafi ya ragu. Masu naɗa koyil wannan cinikin suke yi kullum tsakanin geji da yawan zagaye, shi ya sa in za su warware moto sai sun ƙirga naɗin asali sun auna wayar.

Gwada kuma ka yi irin naɗin a kan fensir, za ka ga da ƙyar yake motsa allura ɗaya. Ƙarfen ƙusar ne ke tattara ƙarfin ya ninka shi. Za ka kuma lura ko ka cire batir ƙusar tana ɗan riƙe allura, wani abu ya rage a jikinta. William Sturgeon a Ingila ya nuna irin wannan maganaɗisun a 1825, kuma har yau shi ne a cikin rile, wato makunnin da wuta ke dannawa da kanta, da hon, da abin nan da ke yin ƙas in ka murɗa makullin mota. In kana cikin duhu ka kalli bakin wayar lokacin da kake sakinta, wani lokaci za ka ga ɗan tartsatsi, koyil ba ya son a yanke masa wuta farat ɗaya, kuma da wannan halin nasa ake samar da tartsatsin fulogin mota.

Na huɗu: moto

Wannan shi ya fi daɗi kuma shi ya fi ba da haushi. Naɗa geji 24 a jikin ƙaramin batir na rimot zagaye 10 zuwa 15, zare shi ka samu zobe. Bakunan biyu ka naɗe kowanne sau biyu a jikin zoben don ya riƙe shi, sannan ka miƙar da su, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne kamar santimita 3, su zama a layi ɗaya da ya ratsa tsakiyar zoben. Su ne sandar da zai juya a kai.

Kankarewar ce sirrin. Baki ɗaya ka kankare shi duka ta ko'ina. Ɗayan kuma rabi kawai, kuma ga yadda ake yi: riƙe zoben a tsaye, ba a kwance ba, ka ɗora bakin wayar a gefen tebur zoben yana rataye ta waje, ka kankare saman kaɗai ka bar fentin ƙasan. In ka kwantar da zoben a tebur ka kankare, wuta za ta riƙa shiga a lokacin da ba ta da amfani.

Kwantar da batirin Tiger, manna fil ɗaya a kowane baki da salatif ko robar ɗaure kuɗi, zagayayyen ramin gindin fil ɗin yana sama, tsayinsu ɗaya. Ɗora maganaɗisu a bayan batirin tsakanin fil biyun. Zura bakunan zoben a ramukan, zoben ya rataya dab da maganaɗisu amma kada ya taɓa. Ɗan tura shi da yatsa. In komai ya zauna zai kama gudu har ka daina ganin zoben sai inuwarsa.

Me ya sa rabi? Lokacin da wuta ke bin zoben shi ma maganaɗisu ne, na ƙasan yana tura gefe ɗaya yana jan ɗayan. In ya yi rabin juyi fuskarsa ta sauya, da wuta za ta ci gaba da shiga da sai turin ya koma baya, ya yi ta lilo ya tsaya. Fentin da ka bari shi ke yanke wutar a daidai wannan rabin, zoben ya wuce da saurin da ya ɗauko, ya dawo inda za a sake tura shi. A moton gaske irin na motar wasan yara komiteta, wato zoben jan ƙarfe mai tsaga da ke jikin sandar, da burushin da ke gogarsa ne ke wannan aikin, su ba yankewa suke ba juya wutar suke yi, kuma burushin nan ne ke cinyewa a injin huda bango har a ce a canza kabon.

In ya ƙi, kafin ka zargi batir duba daidaito. Cire maganaɗisu ka juya zoben da yatsa, in kullum gefe ɗaya ke faɗowa ƙasa to ya fi nauyi, ka ɗan lanƙwasa sandar har ya daidaita. Sai ka gwada tura shi ta ɗaya ɓangaren, don hanya ɗaya yake bi. In yana ta rawa amma ba ya zagayawa, matso da maganaɗisu ta hanyar sa kwali a ƙarƙashinsa. In ya yi gudu ya tsaya, tartsatsi ya bar baƙi a wurin da ka kankare, sake gogewa. Da ya fara tafiya juya maganaɗisun ka kifa shi, ka ga abin da zai faru, sannan ka juya batirin.

Na biyar: a juya abin baya

Tambayar da ta dami Michael Faraday ita ce, in wuta na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu zai haifar da wuta? A 1831 ya samu amsa, e, amma sai da motsi.

Samo bututun roba da maganaɗisunka zai iya zirga-zirga a ciki, jikin babban sirinji sabo yana yi. Yanko kwali biyu ka huda su ka zura a tsakiyar bututun da tazarar santimita 2 ko 3 don su tare naɗin, sai ka naɗa siririyar wayar fanka a tsakaninsu, ɗaruruwa, 500 ko fiye, a nan haƙuri ne kawai. Kankare bakuna a hankali don tana tsinkewa, haɗa da mita a kan 200m na bolt DC. Tura maganaɗisu ciki, lamba ta yi tsalle. Zaro shi, ta yi tsalle da alamar −. Ajiye shi a tsakiyar koyil ɗin kada ya motsa, sifili, komai ƙarfinsa. Wannan sifilin shi ne darasin, ba kasancewar maganaɗisu ke kawo wuta ba, sauyawar ƙarfinsa a cikin koyil ne, kuma gwargwadon saurin sauyin gwargwadon bolt ɗin. Mitar dijital tana da nawa, lambobin za su riƙa wucewa da sauri, in ka samu tsohuwar mai allura ta fi nuna abin sarai.

In niyodimiyam ne da kai guda uku ko huɗu a manne, cire mita ka sa jar LED, toshe bakunan bututun ka girgiza da ƙarfi a ɗaki mai duhu, za ta riƙa ƙyaftawa. A nan ba ka buƙatar resista, wutar kaɗan ce kuma ba ta daɗewa. Haɗa LED biyu gefe da gefe ɗaya a juye, za ka ga suna karɓa-karɓa, wato wutar tana zuwa tana komawa, AC ke nan, irin ta gida da ke yin haka sau 50 a daƙiƙa. In ba ta kama ba naɗi ne bai isa ba ko maganaɗisun ba shi da ƙarfi, na sifika da wuya ya kunna LED ta wannan hanyar.

Injinan madatsar Kainji da aka gama a 1968 da na Shiroro abin da suke yi ke nan, ruwa ne ke juyawa maimakon hannunka, a janareton gida kuma fetur.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage, kuma ina ganin ya fi duka nuna inda wutar take fitowa. Ciro ƙaramin moto daga motar wasan yara ko tsohuwar DVD, haɗa wayoyinsa biyu da mita a bolt 2 ko 20, murza sandarsa da yatsu, za ka ga bolt, ka murza baya alamar ta juya. Yanzu cire mita ka haɗe wayoyin nan biyu da juna ka sake murzawa. Za ka ji ya ɗan yi tauri, kuma yana tsayawa da wuri, in motar wasan mai giya ce ka juya tayar abin ya fi fitowa fili. Wutar da ka samar ta koma cikin koyil ta yi nata maganaɗisun da ke adawa da juyin da kake yi, dokar Lenz ke nan, kuma shi ne dalilin da janareto ke sauya murya ya yi nishi da zarar an jona dutsen guga, nauyin da aka ɗora wa wayar sai injin ya biya shi da mai. Sa resista mai 470 tsakanin wayoyin a maimakon haɗe su kai tsaye, taurin zai kusan ɓacewa, don kwarara ta ragu sosai. Auna bolt ɗin da ke kan resistar kana murzawa, raba da 470, ka rubuta miliamfiya nawa yatsunka suka iya bayarwa.